Kambu Na Kamfani Ne, Gwiwa Ta Ngannou Ce

Daren Juma'a 8 ga Maris 2024, saura 'yan kwanaki a kama azumi, ina cikin waɗanda suka hana idonsu barci a wani gidan kallo na unguwarmu. Ranar ba ƙwallo muka je gani ba. Dambe ake yi a Riyad tsakanin Anthony Joshua da Francis Ngannou, ɗakin kuma ya rabu biyu: masu cewa Joshua namu ne tunda asalinsa Shagamu, da masu cewa Ngannou ya fi kama da mu tunda ya san talauci ido da ido. Ba a jima ba aka raba gardama. Tun a turmin farko Joshua ya kai shi ƙasa, a na biyu ya sake, da ya miƙe kuma ya aika masa da hannun dama guda ɗaya, ƙaton nan ya zube kamar an sare itacen kuka, ƙafarsa ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Wani yaro a bayana ya buga ihu, "An kashe!" sai ka ce a gidan damben gargajiya muke. Kafin mai gidan kallo ya kashe janareto, wani dattijo ya karkaɗe hularsa ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, da mutumin nan ya zauna inda Allah ya ajiye shi da yanzu yana nan da kambunsa.

Na sha jin wannan magana tun daga ranar, a majalisa da teburin mai shayi da Facebook. Ban yarda da ita ba a daren, har yanzu kuma ban yarda ba. A ganina ranar da Ngannou ya ƙi sa hannu a takardar UFC, babban kamfanin da ke shirya wasan MMA, ya ajiye musu kambunsu ya fita, ya yi abin da ya fi duk naushin da ya taɓa kaiwa amfani. Faɗuwarsa a gaban Joshua ba ta goge wannan ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, abin da ake kira MMA damben gamin-gambiza ne. Ana shiga wani keji mai kusurwa takwas, a yi naushi, a yi hauri, a sa gwiwa da gwiwar hannu, a yi kokawa, in an kai ƙasa kuma ba a tashi an gama ba: ko ka shaƙe mutum, ko ka murɗe masa gaɓa har ya bubbuga ƙasa alamar ya sallama, ko ka yi ta kirɓarsa har alƙali ya shiga tsakani. Turmi uku ne na minti biyar-biyar, in na kambu ne turmi biyar. Malamanmu suna da magana a kan irin wannan wasa, don hadisin hana dukan fuska sananne ne, kuma ba ni ne zan warware musu ita ba. Abin da ke gabana daban ne. Tunda ana yi, kuma ana tara kuɗin da hankali ba ya ɗauka da shi, wa ke ci, wa ake ci?

An haifi Ngannou a 1986 a Batié, wani ƙauye a yammacin Kamaru. Yana ɗan shekara shida iyayensa suka rabu. Wajen shekara goma ya fara haƙar yashi ana loda wa manyan motoci, don ya samu na littafi da alƙalami. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi ya ga yara suna jefa yashi cikin tifa da shebur tun safe har la'asar, ya san daga inda kafaɗun nan suka fito. Da ya tasa ya koma Duwala ya yi acaɓa, ya fara koyon dambe yana da shekara 22, shekarun da wasu ke riga sun ci lambobi. A 2012 ya bar gida. Ya ratsa Najeriya da Nijar da Aljeriya ya kai Maroko, ta hanyar nan da mu ma mun san ta, don ta cinye mana 'yan'uwa. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya tace ruwan da matattun dabbobi ke ciki da rigarsa ya sha a hamada, da yadda aka yi ta kama shi ana mayar da shi baya in ya gwada tsallaka teku. Sai da ya yi kusan shekara kafin ya taka ƙasar Sifaniya, can ma aka tsare shi wata biyu. Ya isa Faris a 2013, yana kwana a wurin ajiye motoci.

Zan tsaya nan in faɗi wani abu, saboda na ga yadda samari ke yaɗa wannan labari suna cewa ai ga wanda ya bi hamada ya ci riba. Ngannou mutum ɗaya ne. Waɗanda suka hau mota ɗaya da shi, suka shiga kwale-kwalen roba ɗaya da shi, babu wanda ya san sunansu, wasu ma ko kabari ba su da shi. Wanda ya ɗauki labarinsa a matsayin taswirar hanya ya yi wa kansa mugun karatu. Dalilin da ya sa na kawo shi guda ne: mutumin da ya sha wancan ruwa, ba za a tsorata shi da cewa in bai sa hannu ba zai rasa komai. Ya riga ya ga yadda rashin komai yake.

Damben Turawa ya je nema a Faris, don Mike Tyson ne gwaninsa tun yana yaro. Wani koci mai suna Fernand Lopez, shi ma ɗan asalin Kamaru, ya karkata shi zuwa damben keji, ya bar shi yana atisaye yana kwana a wurin. Wasansa na farko a ƙarshen 2013 ne, a Disambar 2015 kuma ya shiga UFC. Naushin da ya ɗauke Alistair Overeem da shi a Disambar 2017 har yau ana nuna shi, wanda kan mutumin ya yi baya kamar zai cire. Sai kuma ya sha kashi. Stipe Miocic ya yi ta danne shi turmi biyar a Janairun 2018, ya nuna wa duniya cewa ƙaton bai iya kokawa ba kuma numfashinsa gajere ne. Wasan da ya biyo baya da Derrick Lewis kuwa abin kunya ne, mutum biyu suna zagaya juna kamar zakarun da aka jiƙa, kuma shi aka ba rashin nasara. Ya koma ya gyara. Mutum huɗu na gaba, Curtis Blaydes da Cain Velasquez da Junior dos Santos da Jairzinho Rozenstruik, in ka haɗa duka lokacin da suka yi a gabansa bai kai minti uku ba. Ranar 27 ga Maris 2021 ya sake haɗuwa da Miocic, Kamaru Usman na tsaye a kusurwarsa yana kwantar masa da hankali, ya kashe shi a turmi na biyu ya ɗauki kambun masu nauyi.

A shekarar nan 'yan Afirka uku ne ke riƙe da kambu a UFC: Usman haifaffen Auchi, Israel Adesanya haifaffen Legas, da Ngannou. Mun yi ta alfahari, ni ma na yi. Amma ko a lokacin kamfanin bai taɓa kawo wasa ko ɗaya Afirka ba, mu dai namu mu tashi ƙarfe uku ko huɗu na dare mu kalla, a idar ana kiran assalatu.

Yanzu ga inda maganar take. Ɗan wasan UFC ba ma'aikacin kamfani ba ne a takarda. Ɗan kwangila ne, kamar birkilan da ka ɗauko ya yi maka katanga. Ba shi da albashi, ba shi da fansho. In ya yi wasa a biya shi, in bai yi ba babu. Sabon shiga yakan karɓi wajen dala 12,000 na fitowa, in ya ci a ƙara masa wasu 12,000. In ka juya su naira za ka ce ya warke. Amma daga ciki zai biya koci, ya biya manaja, ya biya wurin atisaye da abokan gwaji, ya ci abincin da sana'ar ke buƙata, gwamnati ta cire haraji, kuma a shekara in ya yi wasa uku ya yi sa'a. Sai dai shi wannan birkila, saɓanin na unguwarku, an hana shi yi wa kowa katanga sai kai. Ba zai yi wasa a wani kamfani ba, ba zai yi damben Turawa ba sai da izini. Tun 2015 ma an hana shi sa tallar kowa a wandonsa ranar wasa, kamfani ne ke sayar da jikinsa ga masu talla, da farko Reebok, daga baya Venum, a yaga masa wani abu. In ya yi rashin nasara ana iya sallamarsa tun kwantiraginsa bai ƙare ba. In ya ci kambu kuwa akwai sharaɗin da ke tsawaita kwantiragin da kansa. Wato in ka faɗi a kore ka, in ka yi nasara a ƙara maka mari.

Ba zargi nake yi ba. A Disambar 2014 wasu tsofaffin 'yan wasa, Cung Le a gaba, suka kai kamfanin kotu a Amurka cewa ya mamaye kasuwa yana danne ladansu. Takardun da suka fito a shari'ar sun nuna cewa abin da ke zuwa hannun 'yan wasa gaba ɗayansu bai wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga ba. A ƙwallon kwando da ƙwallon Amurkawa, inda 'yan wasa ke da ƙungiya, rabon kusan raba-daidai ne. Sai da aka shekara goma ana jan shari'ar kafin kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 375 a rufe magana. Kamfanin da aka sayar a 2016 a kan kusan dala biliyan 4, wanda a 2025 ya sayar da izinin nuna wasanninsa a Amurka kawai na shekara bakwai a kan dala biliyan 7.7. Bahaushe ya riga ya raɗa wa wannan suna tun kafin a ƙera keji: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da wannan a zuciya sai a sake kallon wasan Ngannou na ƙarshe a UFC, ranar 22 ga Janairu 2022, da Ciryl Gane. Ni wannan wasa ya fi burge ni fiye da duk kisan da ya yi. Kafin nan dangantaka ta riga ta yi tsami. Wata biyar kacal da cin kambunsa, kamfani ya ƙirƙiro kambun riƙon ƙwarya ya ba Gane ya yi wasa a kai, abin da ba a saba yi wa sabon zakara ba. Gane kuwa ɗalibin Fernand Lopez ne, tsohon kocinsa da suka ɓata. Makonni kaɗan kafin wasan Ngannou ya yaga jijiyoyin gwiwarsa a atisaye. Kuma wasan shi ne na ƙarshe a kwantiraginsa: in ya faɗi, zai fita kasuwa a matsayin wanda aka kayar, farashinsa ya zube. Ya fito da gwiwoyi a ɗaure. Turmi biyu na farko Gane ya yi ta zille masa yana tsakurarsa, ƙafar ba ta bari ya bi shi. A turmi na uku sai mutumin da aka yi wa dariya a 2018 cewa bai iya kokawa ba ya cafe ƙafar Gane ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa. Ya danne shi a na uku, ya danne shi a na huɗu, ya danne shi a na biyar. Alƙalai uku duka suka ba shi.

Abin da hukumar wasanni ta Kalifoniya ta bayyana a matsayin ladansa na daren shi ne dala 600,000. Zakaran masu nauyi na duniya ke nan. Shugaban kamfanin, Dana White, wanda ya saba ɗaura wa zakara kambu da hannunsa, ranar bai shigo kejin ba, taron 'yan jarida ma bai zo ba. Daga baya ya ce wani uzuri ne ya riƙe shi. To, Allah ya sa haka ne. Shi kuma Ngannou aka wuce da shi tiyatar gwiwa.

Shekara guda aka yi ana ciniki. Kamfani ya ce ya yi masa tayin da bai taɓa yi wa wani mai nauyi ba, kuma Ngannou bai musa cewa kuɗin da yawa ba, ana maganar wajen dala miliyan 8 in zai kara da Jon Jones, wani shahararren ɗan wasan kamfanin. Abin da ya ce ya nema aka hana shi ne ya ja hankalina: inshorar lafiya ga 'yan wasa, 'yancin ɗaukar talla, da wakilin da zai zauna a madadin 'yan wasa in ana yanke shawara a kansu. Ya kuma nemi gajeren kwantiragi marar sharaɗin tsawaitawa, da damar yin damben Turawa. Aka ce masa ba haka ake kasuwanci a nan ba. A Janairun 2023 White ya sanar cewa an rabu, ya ƙara da cewa mutumin so yake ya kara da ƙananan abokan hamayya ya samu kuɗi mai yawa. Wata biyu bayan nan Jones ya shaƙe Gane cikin minti biyu da ɗoriya, aka ɗaura masa kambun da babu wanda ya ƙwace daga hannun mai shi.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna mene ne kambun. A damben Turawa, duk da ruɓewarsa, hukumomin da ke ba da kambu daban, masu shirya wasa daban, kuma a Amurka akwai dokar da aka yi a 2000 mai sunan Muhammad Ali da ta raba tsakanin manaja da mai shirya wasa, ta kuma tilasta wa mai shirya wasa ya nuna wa ɗan dambe abin da ya samu. Wannan doka ba ta shafi damben keji ba. A UFC kamfani ne mai fili, shi ne mai haɗa wasa, shi ne mai kambu, shi ke cewa wane ya cancanta. Kambun kayan aiki ne, kamar rigar da ake ba maigadin banki: ranar da ka bar aiki ka tuɓe ka ajiye. Dattijon nan na gidan kallo da ke cewa da ya zauna da yana nan da kambunsa, ina ma ya tambayi Usman da Adesanya. Usman na kan hanyar cin wasa a Agustan 2022, saura kusan minti ɗaya a tashi, Leon Edwards ya haure shi a ka, shi ke nan. Adesanya ya rasa nasa, ya karɓo, ya sake rasawa a 2023. Kambu ba ya kwana a gidan kowa. Gwiwar da aka yanka da ƙwaƙwalwar da aka girgiza su ne ke bin mutum gida.

"Ƙananan abokan hamayya" kuwa, sai ga shi ranar 28 ga Oktoba 2023 a Riyad, mutumin da bai taɓa yin damben Turawa na ƙwararru ko sau ɗaya ba ya tsaya gaban Tyson Fury, zakaran duniya da ba a taɓa kayarwa ba. A turmi na uku ya sa masa hagu a gefen kai, Fury ya zauna daɓas. Aka kai turmi goma, alƙali ɗaya ya ba Ngannou, biyu suka ba Fury. Rahotanni sun ce ya tashi da wajen dala miliyan 10 a daren, na Joshua ma ya ninka haka. Ko an rage rabi, dare ɗaya ya fi abin da ya tara a shekara bakwai cikin keji.

Amma ba zan yi kamar maroƙi ba, wanda in ya ɗauki mutum ba ya ganin tabonsa. Masu sukar Ngannou suna da abin faɗa, kuma wasu maganganunsu sun fi na dattijon nan nauyi.

Suna cewa UFC ce ta yi shi. Gaskiya ne, rabi. Ba don fitilun kamfanin da kyamarorinsa ba, da Fury bai san da wani ɗan Batié ba, da Saudiyya ba ta buɗe masa jaka ba. Amma su ma ba sadaka suka yi ba. Sun sayar da naushinsa, sun sayar da labarin yashinsa da hamadarsa, sun sayar da tutar Kamaru da yake yafawa. An yi ciniki, wa'adi ya cika, kowa ya ci riba, ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Ban ga inda aka rubuta cewa wanda ya koya maka ɗinki dole ka mutu a shagonsa ba. Suna kuma cewa ya guji Jon Jones. Wannan na bar wa masu gardamar majalisa. Ni ma na so in ga wasan, kuma rashinsa ragi ne a tarihin su biyun.

Sukar da ta fi cizo ita ce wannan: ya ce don 'yan'uwansa yake faɗa, amma da ya fita shi kaɗai ya fita. Sabon shiga yana nan a 12,000 ɗinsa. Ba a kafa ƙungiyar 'yan wasa ba. Ƙofar da ya bi kuma ba kowa ke iya binta ba: sai kana mai nauyi, sai kana da kisa a hannu, sai kuma an yi dace Saudiyya na zuba kuɗi a dambe a daidai lokacin. Da ya fita shekara biyar kafin nan, wataƙila da labarin ya sha bamban, da yanzu dattijon nan ne mai gaskiya. Na yarda da wannan duka. Na kuma yarda cewa alƙawarin da ya zo da shi lokacin da ya shiga PFL, wani kamfanin damben keji, a Mayun 2023, aka naɗa shi shugaban reshen Afirka, bai cika yadda aka kururuta ba. Da aka yi wasan farko na reshen a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a Yulin 2025, shugaban bai je ba. Wannan bai yi kyau ba, kuma ban da uzurin da zan ba shi.

Duk da haka akwai sharaɗi ɗaya a kwantiragin da ya sa wa hannu da PFL a 2023 da ban taɓa jin irinsa ba: duk wanda zai kara da shi, sai an ba shi aƙalla dala miliyan 2. Ka yi ciniki, ka sa a takarda cewa mutumin da zai zo ya fasa maka baki shi ma a biya shi da kyau. Wanda kwaɗayi kaɗai ke ja ba ya tuna wannan. Renan Ferreira ɗan Barazil ne ya ci moriyar sharaɗin a Oktoban 2024. Ngannou ya kai shi ƙasa ya gama da shi a turmin farko, sannan ya tsaya a tsakiyar keji yana kuka. Wata shida kafin nan ɗansa Kobe ya rasu yana da wata 15. Ya ce don yaron ya yi wasan. A gidan kallon namu ranar babu wanda ya yi ihu.

Abin da ya sa wannan magana ta ƙi barina, ba Las Vegas ba ce, ba kuma Riyad ba. Akwai wani dattijo da nake sayen nama a wurinsa a kasuwarmu. A ƙuruciyarsa ya yi dambe, ya zaga garuruwa da kaka, makaɗa sun kira sunansa, an yi masa liƙi har ƙasa ta rufe. In ka ga hannunsa na dama, wanda ya sha naɗin zare, ƙasusuwan yatsun sun dunƙule wuri ɗaya, ba ya iya buɗe tafin sosai, da hagu yake riƙe wuƙa. Maganarsa a hankali take fita, kamar yana lalubo kalmomin a cikin buhu. Sau biyu yana ba ni canji ya sake miƙo mini, sai yaron shagon ya riƙe masa hannu ya ce, "Baba, ai ka ba shi." Wata rana na tambaye shi, Baba, duk kuɗin nan da aka watsa maka ina suka tafi? Ya yi dariya ya ce makaɗi ya ɗauka, maroƙi ya ɗauka, mai magani ya ɗauka, yara sun ɗauka, sauran kuma an ci a hanya.

Damben namu yanzu ya shiga waya. Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, ana ɗaukarsu a bidiyo a gidajen dambe na Kano da Abuja da sauran garuruwa, ana ɗorawa a YouTube da Facebook, mutanen da ba su san inda Najeriya take ba suna kallo da miliyoyi. Masu kuɗi sun fara shigowa, an fara kawo takardu. Na yi murna da hakan, don babur da mota da ake sawa a gasa sun fi babu, likitan da wasu ke ajiyewa a bakin fili kuma ya fi kowace laya. Amma yaron da aka miƙa wa takarda da Turanci, wanda ko karatun boko bai yi nisa ba, wa ke karanta masa ita? Shekara nawa ta ɗaure shi? Hoton kisan da ya yi, da wanda aka yi masa, da za a yi ta kallo bayan ya tsufa, na wane ne? In muƙamuƙinsa ya goce, mai gida ne zai biya asibiti ko 'yan ɓangarensu ne za su yi karo-karo? Waɗannan su ne tambayoyin da Ngannou ya yi a teburin da ya fi kowane girma a sana'ar, da lauyoyi a gefensa da kambun duniya a kafaɗarsa, kuma duk da haka aka ce masa a'a. Yaron namu ba shi da ko ɗaya daga ciki, sai ubangida da kirari.

Shi ya sa dariyar da aka yi a daren Joshua ta yi mini ciwo. Masu dariyar kusan duka mutane ne da ke aiki a ƙarƙashin wani: masu tuƙa adaidaita sahu ta wani suna kai balas, yaran shago, malaman makarantun kuɗi da ake biya a tsakiyar wata mai zuwa. Mun ga namu ya dubi mai gida ya ce wannan rabo bai yi ba, sai muka zauna muna jiran ranar da zai faɗi mu ce ai mun faɗa. Ya kuwa faɗi, faɗuwa mai muni, kuma a ganina bai kamata ma ya shiga wasan da Joshua da wuri haka ba, sa'ar da ya taka da Fury ta ruɗe shi da masu ba shi shawara. Amma da a cikin keji aka yi masa wannan kisa, kuma ana iya yi masa, don yana da shekara 37 a lokacin, da kai ɗaya za a girgiza, a kan kuɗin da wani ya yanka masa, ƙarƙashin takardar da ba zai iya fita daga cikinta ba.

Makon da ya biyo bayan wasan na je sayen naman buɗa-baki, na nuna wa Baban bidiyon a wayata. Ya kawo fuskarsa kusa, ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya kalli yadda hannun Ngannou na hagu ya sauka kafin naushin ya iso, ya girgiza kai, ya ce wannan tun faɗuwa ta biyu ya kamata a kama shi, ba ya gani. Sai ya tambaye ni nawa aka ba shi. Na faɗa masa, na juya masa a naira gwargwadon iyawata. Ya yi shiru, ya goge wuƙarsa a jikin tsumma, ya ce in ƙara kilo ɗaya ne ko rabi.